Likita baƙo a gari mai nisa: me zai tarar, kuma wane gurbi ya kamata ya karɓa?

"Assalamu alaikum, Likita. Ni ma likita ne, shekarata bakwai da gama makaranta. Na ci jarrabawar harshe da ta rubutu ta ƙasar da nake son zuwa aiki, yanzu wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ya samo mini gurbi a wani ƙaramin gari wanda motar asibiti ke yin awa huɗu kafin ta kai babban asibiti. An ce sai na yi wasu shekaru a can kafin a bar ni in yi aiki inda nake so. Ina da mata, ma'aikaciyar jinya ce amma ba ta yi rajista a can ba tukuna, da yara biyu. Wasu abokaina sun ce in tafi, ƙofa ce ta buɗe. Wasu sun ce kurkuku ne mai albashi. Kai da ka yi irin wannan aiki, me ya sa mu baƙi ake turawa can, me zan tarar, kuma yaya zan gane gurbin da ya dace?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa alheri a abin da ka sa a gaba. Abin da kake tambaya a taƙaice shi ne ko waɗannan shekarun da aka gindaya maka za su gina ka ko za su cinye ka. Abokanka duka biyun sun faɗi gaskiya, domin na ga gurbin da ya zama ƙofa, na kuma ga wanda ya zama kurkuku, wani lokaci ma a jiha ɗaya, da albashi iri ɗaya. Abin da ya raba su ba a cika rubuta shi a tallar aiki ba: wanene zai ɗauki wayarka da ƙarfe biyun dare idan majinyaci ya rikice maka, kuma me iyalinka za su wuni suna yi kana asibiti.

Ni kaina da takardar wata ƙasa na shiga wannan aiki. Na yi shekara shida a wani ƙaramin asibiti inda mu biyu ne likitoci, wani lokaci ni kaɗai, daga baya aka ɗora mini duba aikin sababbin zuwa. Ba ka faɗi ƙasar ba, don haka zan kawo maka misalai daga wuraren da wannan tsari ya fi kafuwa.

Dalilin da ya sa baƙo ake kaiwa nesa

Ƙarancin ma'aikatan lafiya a karkara matsalar duniya ce baki ɗaya, har da ƙasashe masu arziki. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 kan riƙe ma'aikata a yankuna masu nisa, ta nuna cewa kusan rabin mutanen duniya a karkara suke, amma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na likitoci ne ke aiki a can, ma'aikatan jinya kuwa kashi 38 cikin 100. Makarantun likitanci a birane suke, yawancin ɗalibai 'yan birni ne, horon ƙwarewa a manyan asibitoci ake yi, can mutum yake aure, can yaransa ke shiga makaranta. Gwamnati ba ta da sauƙin tilasta wa ɗan ƙasa ya koma ƙauye. Baƙo kuwa yana neman biza, yana neman lasisi, sai a rataya sharaɗin a jikin abin da yake nema.

A Ostareliya, sashe na 19AB na dokar inshorar lafiya ta 1973 ya tanadi cewa likitan da ya yi karatu a waje, ya yi rajista daga farkon 1997 zuwa yau, ba zai riƙa karɓar kuɗin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ba na tsawon shekara 10 sai idan yana aiki a yankin da aka ayyana yana da ƙarancin likitoci. Akan rage wa'adin gwargwadon nisan wuri, har ya sauko shekara 5 a wurare mafiya nisa. Suna da ma'aunin nisa mai hawa bakwai, na ɗaya manyan birane, na bakwai can ƙuryar daji, kuma ya kamata duk mai zuwa ya san hawan da garinsa yake. A Amurka, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na likitoci a waje suka yi karatu, wanda ya yi horon ƙwarewa da bizar J-1, wato bizar masu zuwa horo, doka ta ce ya koma ƙasarsa shekara 2 kafin ya dawo. Shirin Conrad, wanda aka fara a 1994 da gurbi 20 ga kowace jiha aka kuma kai shi 30 a 2002, yana yafe wannan komawar idan likita ya amince ya yi shekara 3 a yankin da ke fama da ƙarancin likitoci. A Kanada larduna ne ke da iko, kuma da yawansu sai ka sa hannu a yarjejeniyar biyan hidima: a Saskacewan, misali, bayan an gwada aikinka a asibiti na wasu makonni, shekara 3 za ka yi a garin da aka kai ka.

Ba ƙasashen Turawa kaɗai ba. Afirka ta Kudu ta fara karɓar likitocin Kyuba a 1996 domin asibitocin karkara. Burazil ta ƙaddamar da shirin ƙarin likitoci a 2013, kuma da Kyuba ta janye likitocinta fiye da 8,000 daga shirin a watan Nuwamba na 2018, garuruwan cikin daji da ƙauyukan 'yan asalin ƙasa su suka fi jin jiki, don a wasunsu baƙon shi ne likitan da ake da shi.

Abin da ke damuna a wannan tsari, kuma ban taɓa ɓoye shi ba, shi ne aikin da ya fi kowanne wuya ake miƙa wa wanda ya fi kowa rashin sanin yadda abubuwa ke tafiya. Likitan ƙauye shi ne likitan yara, shi ne na gaggawa, shi ne na masu ciki, shi ne na masu taɓin hankali, babu ƙwararre a ɗaki na gaba. Ɗan ƙasa da ya zaɓi wannan aiki yakan yi masa horo na musamman. Baƙo kuwa sau da yawa yakan sauka daga jirgi ranar Juma'a, Litinin a ba shi mabuɗi da wayar kiran dare.

Watannin farko

Ilimin likitanci ba shi zai fara ba ka wahala ba. Ciwon sukari ciwon sukari ne a ko'ina. Hasali ma wanda ya koyi aiki inda na'urori suka yi ƙaranci yakan zo da wata baiwa da ake buƙata a karkara: ya iya sauraron majinyaci, ya iya taɓa ciki ya gane, ba ya firgita don babu na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Kada ka raina wannan, zai yi maka rana.

Abin da zai fara kayar da kai shi ne magana. Ka ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, amma harshen jarrabawa daban, bakin mutanen gari daban. Suna haɗiye kalmomi, suna da sunayensu na cututtuka da na sassan jiki, kuma, wanda ya fi haɗari, suna da yadda suke auna ciwo. A watana na biyu wani manomi, ya haura shekara sittin, ya shigo da ƙafarsa da hantsi, hularsa a hannu, ya ce tun asuba yake jin ɗan rashin daɗi a ƙirji, wataƙila ƙwannafi ne, in ba shi wani abu ya koma, injin girbi na jiransa a gona. Yana magana yana murmushi. Na auna jininsa, babu abin tashin hankali, har na fara tunanin maganin ƙwannafin. Sai babbar nas ɗinmu, wadda ta yi fiye da shekara ashirin a wannan asibiti, ta ja ni gefe ta ce a hankali, "Likita, rabon mutumin nan da asibiti tun haihuwar autarsa. In ya bar girbi ya zo nan, ka ɗauka abin ya kai." Muka sa masa na'urar awon bugun zuciya, takarda ta nuna a fili cewa jijiyar jinin zuciyarsa ta toshe. Da likitan zuciya a waya muka yi masa allurar narkar da gudan jini, jirgin marasa lafiya ya zo ya ɗauke shi da yamma. Ya rayu. Ilimin karanta takardar nawa ne, amma sanin mutumin nata ne, kuma ba don ita ba da na sallame shi. Da ɗan gari kan ci gari, kuma a ƙaramin asibiti ɗan garin shi ne nas, da ungozoma, da direban motar asibiti, da matar da ke zaune a teburin karɓar marasa lafiya.

A nan ne wasu 'yan'uwanmu ke yin tuntuɓe. Wanda ya taso a tsarin da likita ke faɗa kowa ya bi, yakan ji zafi idan nas ta ce masa, a gaban kowa, ba ta yarda da wannan adadin magani ba. Ba raini ba ne, aikinta ne, doka ma ta ɗora mata. Haka majinyaci zai ce ya ji bayaninka amma ba zai sha maganin ba, kuma haƙƙinsa ne; naka shi ne ka tabbatar ya fahimta, ka rubuta. Haka mijin mace ko uban matashiya zai tsare ka a ƙofa yana tambayar abin da ke damunta, kuma ba ka da ikon faɗa sai da izininta. Ga dokokin rubuta magunguna masu sa maye, ga wajibcin kai rahoto idan ka ga alamar ana cutar da yaro, ga ƙa'idar tsare mai taɓin hankali ba da son ransa ba, ga takardun inshora da na tura majinyaci gaba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke da wuyar koyo, amma dole wani ya zaunar da kai ya koya maka, kuma kuskure a cikinsu ya fi kai likita gaban hukuma fiye da kuskuren gane cuta.

Akwai kuma 'yan asalin ƙasa. A Ostareliya da Kanada da Niw Zilan, yawancin wurare mafiya nisa garuruwansu ne, kuma suna ɗauke da tarihi mai ɗaci da hukuma da asibiti. An ƙwace musu 'ya'ya na tsawon zamani. Gwamnatocin Ostareliya da Kanada duka sun nemi gafara a hukumance a 2008. Tsohuwar da ta ƙi kallon idonka, ko ta ce "to" ga duk abin da ka faɗa, ko ta bar asibiti kafin a sallame ta, ba taurin kai take yi ba. Wata nas 'yar ƙabilar Mawori ta Niw Zilan, Irihapeti Ramsden, ita ta kafa tunanin da yanzu ake koyarwa a waɗannan ƙasashe, cewa majinyaci ne ke da hurumin faɗin ko ya samu aminci a hannun ma'aikaci, ba ma'aikacin ba. Wasu baƙi sukan ɗauka tunda su ma ba Turawa ba ne, za a karɓe su kai tsaye. Wani lokaci hakan na taimakawa, amma a idon majinyaci kai ma wakilin asibitin ne. Ka nemi ma'aikatan lafiya 'yan garin, ka zauna da su, ka bari su shige maka gaba.

Wa zai ɗauki waya?

Wannan shi ne zuciyar amsata, don haka bari in daɗe a kai.

Kusan duk inda za ka je, lasisinka na farko mai sharaɗi ne: sai a ƙarƙashin wani babban likita. Hukumar likitoci ta Ostareliya ta raba wannan sa idon zuwa hawa huɗu. A na farko, babban yana cikin ginin kullum kuma shi ke da alhakin kowane majinyaci. A na biyu kuna raba alhaki kuma yana nan mafi yawan lokaci. A na uku alhakin naka ne, shi kuma ana samunsa a waya. A na huɗu kusan kai kaɗai kake. A takarda tsarin ya yi kyau. Tambayar ita ce ko abin da aka rubuta shi ne abin da ake yi. Na san gurabe da sunan babban yana kan takarda amma yana gari mai nisan awa uku, yana duba mutum biyar, sai ƙarshen wata a aiko da fom a sa hannu. Na kuma san inda babban zai zauna da sabon zuwa rabin awa kullum bayan an tashi, su buɗe fayil biyar su bi ɗaya bayan ɗaya. Likitocin da suka fito daga hannun na biyun, bayan shekara biyu ba ka bambanta su da kowa.

Hukumar likitocin Birtaniya ta sa an yi bincike da aka fitar a 2019, bayan an lura cewa masu ɗaukar aiki suna kai ƙarar likitocin da suka yi karatu a waje ninki biyu da rabi fiye da waɗanda suka yi karatu a cikin ƙasar. Dalilan da aka gano sun yi daidai da abin da idona ya gani: ba a yi wa mutum kyakkyawar gabatarwa ga aiki ba, yana aiki a keɓe, kuma manyansa suna jin nauyin gaya masa kuskurensa da wuri, sai a yi shiru har ƙaramin abu ya girma ya zama ƙara. Binciken bai taƙaita ga karkara ba, amma babu inda keɓewa ta kai ta karkara.

Rabin laifin kuma namu ne, dole in faɗa. An taɓa haɗa ni da wata matashiyar likita, hannunta na da kyau ƙwarai, ta karɓi haihuwa fiye da yadda ni na karɓa. Wata uku tana aikin dare ba ta kira ni ko sau ɗaya ba. Da farko na ji daɗi, daga baya hankalina ya tashi. Na ɗauko fayilolinta na ga wani jariri ɗan wata biyu mai zazzaɓi da ta kwana a kansa ita kaɗai, tana dubawa kowane rabin awa, sai da gari ya waye ta nemi a ɗauke shi. Yaron ya warke. Da na tambaye ta me ya hana ta kira, ta sunkuyar da kai ta ce inda ta koyi aiki, ƙaramin likitan da ya tashi babba da dare ya nuna bai iya ba, kuma tana tsoron in rubuta a rahotona cewa ba ta ƙware ba, alhali bizarta da ta mijinta a kan rahoton suke. Na gane maganarta sarai, don ni ma da wannan tsoron na zo. Na ce mata daga yau duk daren da take aiki ta kira ni ƙarfe goma ko babu komai, mu yi minti biyu. Cikin wata guda ta fara kira ƙarfe ukun dare ba tare da neman gafara ba. A waɗannan ƙasashe likitan da ba ya tambaya shi ake tsoro, kuma rubuta "na tuntuɓi wane, ya ba da shawara kaza" a fayil kariya ce gare ka.

Maganarta ta taɓo inda abokanka masu cewa kurkuku suke da hujja. Idan mutum ɗaya ne mai asibitin, shi ne mai sa maka ido, shi ne kuma ya ɗauki nauyin bizarka, to wuƙa da nama suna hannunsa. Ya ƙara maka kwanakin aikin dare, ba ka iya cewa a'a. Ya hana ka hutun karatu, sai haƙuri. Ga jarrabawar ƙwarewa na jiranka, wadda sai ka ci ta lasisinka zai zama cikakke, kuma kana karatunta ne bayan ka wuni a asibiti, babu abokin karatu, wurin jarrabawar tafiyar jirgi ce. Kwamitin majalisar wakilan Ostareliya ya fitar da rahoto a 2012 kan yadda likitocin waje ke ɓata cikin sarƙaƙiyar rajista, kuma koke-koken da ya tattara irin waɗannan ne. An yi gyare-gyare tun daga lokacin, amma raunin wanda zamansa a ƙasa ke rataye da yardar mai gidansa yana nan. Shi ya sa nake fifita gurbin da ke ƙarƙashin hukumar lafiya ta yanki ko cikin shirin horo da aka sani, ko aƙalla inda mai sa ido daban, mai biyan albashi daban.

Maganar iyali

Yawancin waɗanda na ga sun tattara sun tafi, ba asibiti ne ya kore su ba, gida ne. Kai kana da aiki, kullum mutane na gode maka, kana da suna a gari. Ita kuwa mai ɗakinka ta bar aikinta da danginta da ƙawayenta, ta zauna a gidan haya, gari ya yi tsit tun magariba, ba ta da lasisin tuƙi, kai kuma wayarka na iya ƙara a kowane lokaci. Na ga wannan a gidana a shekarar farko, kuma na makara kafin in lura.

Kai kana da sa'ar da da yawa ba su da ita: matarka ma'aikaciyar jinya ce, kuma asibitin karkara yakan fi ƙishirwar nas fiye da likita. Ku fara maganar rajistarta tun yanzu, kafin ku tashi, domin tattara takardu daga makaranta da hukumar da ta yi mata rajista ya fi sauƙi kuna kusa. Ka sa maganar cikin cinikin: za su taimaka da jarrabawarta? Akwai aikin mataimakiya da za ta riƙa kafin rajista ta fito? Bizar da za a ba ta ta halatta mata aiki? Ka bincika ko bizarku ta ba ku damar kula da lafiya ta gwamnati da makarantar yara ba tare da ƙarin kuɗi ba, don akwai wuraren da likita ke duba jama'a a tsarin da shi da 'ya'yansa ba sa ciki. Ka tambayi ajin da makarantar garin ta tsaya. Iyalai da yawa lafiya lau suke har babban yaro ya kai sakandare.

Wariyar launin fata akwai ta, ba zan rufe maka ba. Za ka haɗu da mai cewa yana son ganin "likitan gaske", ko mai yin kamar bai ji maganarka ba. Wannan kan ragu da sauri a ƙaramin gari, domin labarin wanda ka yi wa aiki mai kyau yakan zaga kafin mako ya ƙare. Wanda ya fi ciwo shi ne na yara a makaranta, don ba kullum suke faɗa ba. Ka riƙa tambayarsu. Ka kuma lura da yadda shugabannin asibiti ke yi idan abin ya faru a gabansu. Sannan ka shirya wa rashin sirri: malamar ɗanka majinyaciyarka ce, maƙwabcinka ka san abin da matarsa ba ta sani ba, kuma da wuya ka samu wanda za ka buɗe wa cikinka. Ka riƙe abokan aiki na nesa da kuke magana a kai a kai, ka kuma nemi likitanka na kanka a wani gari.

Tambayar da mutanen gari za su fi yi maka a shekarar farko ita ce, "Yaushe za ka tafi?" Kada ka ji haushi. Sun ga likita biyar ko shida cikin 'yan shekaru, kowanne sai sun sake ba shi labarin ciwonsu daga farko. Shaidar da aka tara a duniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddadawa a 2021, ta nuna wanda ya taso a karkara ko ya yi horo mai tsawo a can shi ya fi zama. Shi ya sa Kanada ta buɗe makarantar likitanci ta Arewacin Ontariyo a 2005, a Sadbari da Tanda Be, don ta horar da 'yan yankin a yankinsu. Tilas tana kawo likita amma ba ta zaunar da shi. Waɗanda na ga sun zarce wa'adinsu da son ransu, kusan dukansu iyalinsu ne suka yi saiwa a garin, kuma aikin ya ba su damar yin abin da suka iya. Wannan na biyun ma ka duba shi: wanda ya saba tiyata da karɓar haihuwa, aka ajiye shi yana sabunta takardar magani daga safe zuwa yamma, hannunsa kan mutu, zuciyarsa ta bi.

Kafin ka sa hannu

Kamfanin da ya samo maka gurbin ana biyansa ne idan ka isa, ba idan ka ji daɗi ba, don haka kada bayaninsa ya ishe ka. Ka nemi magana ta bidiyo da wanda zai sa maka ido, shi kansa. Ka tambaye shi kwana nawa yake garin a mako, mutum nawa yake dubawa, su waye suka ci jarrabawar ƙwarewa a hannunsa. Ka tambayi dare nawa za ka riƙa kwana da waya, wa ke riƙe asibiti idan ka tafi hutu, mako nawa za ka yi kana bin wani kafin a bar ka kai kaɗai. Ka tambayi yadda ake fitar da majinyaci idan hanya ta yanke ko jirgi ya kasa sauka, da ko akwai jini a ajiye, da ko akwai layin da ƙwararren gaggawa ke amsawa dare da rana. Idan an daɗe rabonka da sa bututun numfashi ko farfaɗo da jariri, ka nemi a tura ka kwas kafin aikin darenka na farko, a rubuta cikin kwantiragi.

Ka karanta sashen fita da kyau: me zai faru idan ka bar aikin kafin wa'adi, nawa za a ce ka mayar, kwana nawa biza ta ba ka ka samu wani mai ɗaukar nauyi, kuma shekarun da ka yi za su bi ka idan ka koma wani gari mai irin wannan nisa? Kada ka bar wa kowa fasfonka ko ainihin takardunka. Ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita a 2010 kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga waje ta ce a yi wa baƙo adalci daidai da ɗan ƙasa wajen albashi da damar ƙaro ilimi. Ba doka ce mai tilasci ba, kuma jerin ƙasashe 55 da aka fitar a 2023, waɗanda aka ce kada a riƙa zawarcin ma'aikatansu, bai hana mutum neman aiki da kansa ba. Amma kamfanin da ke kauce wa ƙa'idar a ɓoye, ka yi hattara da sauran alkawuransa.

Ni likita ne, ba lauyan shige da fice ba, kuma waɗannan dokoki suna sauyawa, wani lokaci cikin shekara guda. Abin da na faɗa kan wa'adi da sharuɗɗa ka tabbatar da shi daga hukumar rajista da ma'aikatar lafiya ta ƙasar, kwantiragin kuma ka ba ƙungiyar likitoci ko kamfanin inshorar kare likita su duba. Abin da na gani da idona ma na wasu 'yan asibitoci ne. Aikin nas ko ungozoma ita kaɗai a ƙaramin ɗakin shan magani yana da nasa nauyin da ya wuce wanda na ɗauka.

Abu ɗaya da ban taɓa ganin ya yaudari kowa ba shi ne magana da likitan da ya bar kujerar da za ka hau. Ka nemi lambarsa daga asibitin. Idan suka ba ka nan take, alama ce mai kyau. Idan aka fara kwana-kwana, ka nemo shi ta rajistar likitoci, wadda a waɗannan ƙasashe a buɗe take ga kowa. Ka tambaye shi dalilin tafiyarsa, ka tambaye shi daren da ya fi wuya da wanda ya amsa masa waya a daren. In zai yiwu, matarka ma ta yi magana da tasa, ku biyun ba kwa kusa. Idan ka samu waɗannan amsoshin, ka sake rubuto mini da sunan ƙasar da hawan sa idon da aka rubuta maka, mu duba tare.